Ƙashin ya kama, amma ɓargon ya bar baya da ƙura: nazarin lamarin wata mai rukunin jini A nagatif

Wannan lamari na wata mace ce da aka yi wa dashen ƙashi a gwiwa. Aiki ya yi kyau, ƙashi ya kama, ta koma tafiya da ƙafarta. Bayan shekara uku sai aka farga cewa garkuwar jikinta ta ƙera makamin da zai iya farfasa jinin ɗan da ke cikinta. An tsara lamarin ne domin koyarwa, a kan salon rahotannin da likitoci suka buga, ba fayil ɗin wata mace takamaimai ba ne, shi ya sa babu suna kuma babu asibiti. Irin abin da ya same ta kuwa yana rubuce a mujallun likitanci: a 1985 mujallar New England Journal of Medicine ta buga rahoton wanda jikinsa ya tayar wa tambarin Rh, wata alama da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini, bayan dashen ƙashi, a 1987 kuma aka buga makamancinsa a Acta Orthopaedica Scandinavica.

Ciwon da aikin farko

Tana da shekara 23 lokacin da ta zo da ciwon gwiwar dama na wata biyar, da ɗan kumburi a saman gwiwar. Hoton ƙashi ya nuna rami a ƙarshen ƙashin cinya, dab da gaɓa. Da aka ɗebo ɗan nama aka duba, sai aka tabbatar ƙari ne mai manyan ƙwayoyi, irin wanda ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, kuma ya fi son kewayen gwiwa. Ba kasafai yake yaɗuwa ba, amma yana cin ƙashi daga ciki har ya bar shi fanko.

Maganinsa a wannan mataki shi ne a buɗe ƙashin, a kankare ƙarin tas, a goge bangon ramin, sannan a cike shi. Abin cikewa iri uku ne a gaban likitan ƙashi. Ana iya ɗebo ƙashin marar lafiyar kanta daga gefen ƙugu, wanda shi ne mafi kyau, sai dai ba ya isa babban rami kuma yana barin ciwo a inda aka ɗebo. Ana iya zuba simintin ƙashi, wanda ke ɗaukar nauyi nan take amma har abada ba zai zama ƙashi ba. Sai kuma ƙashin wani, daga bankin ƙashi. Ganin ƙuruciyarta da kusancin ramin da guringuntsin gaɓa, likitan ya zaɓi na ukun.

Kafin aiki an yi mata gwajin jini kamar kowa. Rukuninta A ne, marar tambarin D na tsarin Rh, wato abin da aka saba kira A nagatif. An kuma bincika ko jininta na ɗauke da wani baƙon makamin garkuwa, antibodi, da ke yaƙar jajayen ƙwayoyin jinin wasu. Babu ko ɗaya. A riƙe wannan sakamako, domin duk binciken da ya biyo baya a kansa ya tsaya.

An yi aikin da ɗauri a cinya mai tsayar da jini, don haka ba ta zubar da jini mai yawa ba, ba a kuma ƙara mata ko leda ɗaya ba. An ɗauko kan ƙashin cinya guda biyu daga firizar banki, aka narkar da sanyinsu, aka niƙa su ƙanana, aka danna a ramin, aka ƙarfafa wurin da farantin ƙarfe da sukurori.

Abin da aka zuba a ramin

Waɗannan kawunan ƙashi daga rayayyu suke fitowa. Idan aka yi wa tsoho aikin sauya gaɓar ƙugu, kan ƙashin cinyarsa da aka yanke ba shi da sauran amfani a gare shi, sai a nemi izininsa a ajiye wa wani. Ana gwada jininsa don HIV, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, ana shafo ƙashin a duba ko akwai ƙwayoyin cuta, sannan a sa shi a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Bankuna da yawa sukan killace shi kwana 180 su sake gwada mai bayarwa, ko su yi gwajin da ke neman ƙwayar gadon cutar kai tsaye. Ajiyar ƙashi irin wannan ta daɗe: bankin sassan jiki na sojojin ruwan Amurka da ke Bethesda ya fara aiki a 1949, shi kuwa dashen ƙashin mutum ga mutum ya girme shi nesa, domin tun kusan 1880 William Macewen ya sake gina ƙashin damtsen wani yaro a Gilasgo da gutsattsarin ƙashin wasu.

Abin da wannan tsari bai yi ba shi ne wanki. Kan ƙashin cinya ba dunƙulallen abu ba ne. Cikinsa ramuka ne birjik kamar soso, kuma kowane rami cike yake da ɓargo, kitse da jini. Yadda aka ciro shi haka aka daskarar da shi, yadda aka daskarar haka aka niƙa aka zuba. Ashe ke nan ba ƙashi kaɗai aka dasa mata ba. An haɗa mata da ragowar jinin mutum biyu, ba tare da kowa ya kira abin ƙarin jini ba.

Me ya sa ba wanda ya tambayi rukunin masu bayarwa

Kada a yi saurin ɗora wa likitan laifin jahilci. Abin da aka koya masa gaskiya ne: ƙashi ba ya buƙatar a daidaita rukunin jini kafin ya kama.

A dashen ƙoda ko zuciya, ana ɗinke jijiyoyin jinin gaɓar da na marar lafiya, jininsa ya shiga ciki a minti na farko. Tamburan A da B, waɗanda Karl Landsteiner ya gano a 1901, ba a kan jajayen ƙwayoyin jini kaɗai suke ba, suna nan a bangon cikin jijiyoyin jini. Kuma kowane mutum yana yawo da makaman da ke yaƙar tambarin da ba shi da shi, ko da ba a taɓa ƙara masa jini ba. Mai rukunin A yana da makamin yaƙar B tun yana jariri ɗan watanni. Idan aka ba shi ƙodar mai B ba tare da shiri na musamman ba, makaman za su manne a bangon jijiyoyin, jini ya daskare a ciki, ƙodar ta mutu cikin mintuna ko sa'o'i.

Daskararren ƙashi ba shi da jijiyar da za a ɗinke, ba shi da rayayyen bango da za a kai wa hari. Sanyi ya riga ya kashe ƙwayoyinsa. Abin da ya rage shi ne gangar ƙashin, wato zaren kolajin da ma'adinin kalsiyam da fosfet, kuma waɗannan kusan iri ɗaya ne a jikin kowane ɗan Adam, garkuwar jiki ba ta cika ganin su a matsayin baƙi ba. Ba a ma son ƙashin ya rayu. Aikinsa ya tsaya a wurin har jiki ya maye gurbinsa. Da farko jini yakan taru a kewayensa, sai ƙananan jijiyoyin marar lafiya su fara kutsawa cikin ramukan, ƙwayoyi masu cin ƙashi su riƙa gutsurar tsohon, masu gini su riƙa shimfiɗa sabo a kansa. A ƙashi mai ramuka wannan yakan ɗauki watanni. A ƙashi mai tauri, irin na tsakiyar cinya, yakan ɗauki shekaru, kuma sau da yawa ba ya kammala, cikinsa yana nan matacce har ƙarshen rayuwar mai shi. A 1965 Marshall Urist ya nuna cewa gangar ƙashi da aka cire wa ma'adini tana ɗauke da sinadaran da ke kiran jiki ya gina sabon ƙashi, abin da ya ƙara bayyana dalilin da mataccen ƙashi ke iya haifar da rayayye.

Saboda haka ba a ba wanda aka yi wa dashen ƙashi magungunan danne garkuwar jiki, ba a daidaita A da B, ba a kuma daidaita tamburan HLA, alamomin da garkuwa ke bambance ƙwayoyin jikinta da na wani da su, waɗanda ake wahala a kansu a dashen ƙoda. Wannan ba yana nufin garkuwar jiki tana barci ba ne. Da yawa daga waɗanda aka dasa wa manyan gutsattsarin daskararren ƙashi sukan ƙera makaman yaƙar HLA na mai bayarwa, an auna an gani. Sai dai ba a samu wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin waɗannan makamai da lalacewar dashen ba, wadda za ta sa a ce lallai sai an daidaita. Inda suke iya zama matsala shi ne gaba, idan mutumin ya wayi gari yana buƙatar ƙoda, domin sun rage masa yawan waɗanda zai iya karɓa daga gare su.

A wurin wannan mace komai ya tafi yadda littafi ya ce. Babu zazzaɓi, babu ruwa a miki, babu kumburin da ya wuce ƙima. A wata na shida hoto ya nuna gutsattsarin sun fara haɗewa da bangon ramin. A shekara ɗaya tana taka ƙafar ba sanda.

Sakamakon da ya kwana a fayil

Wata 18 bayan aiki, farantin ƙarfen ya fara damun ta a gefen gwiwa, aka shirya cire shi. An sake ɗibar jininta don shirin ko ta kwana. Wannan karon ɗakin gwaji ya ga baƙon makami, ya tantance shi, ya rubuta: anti-D, wato makamin yaƙar tambarin D. Aka tanadi jini marar D, aka yi aikin cikin ɗan lokaci, ba a buƙaci jinin ba, aka sallame ta.

Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya ɓoye komai. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya ga mace marar D mai anti-D, abin da yake gani kullum, ya ɗauka ta taɓa haihuwa ko ɓari. Likitan ƙashi ya ga an samu jinin da ya dace, wanda shi ne abin da ya tura a nema. Ita kuma ba a gaya mata ba. A lokacin ba ta yi aure ba, ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, kuma wannan tambaya ɗaya da aka yi mata da ta tayar da bincike tun a ranar.

Awon ciki da bin sawu

Ta zo awon farko tana da ciki na mako 11, shekara uku da 'yan watanni bayan dashen. Gwaji ya sake nuna anti-D, a matakin 2.8 na IU, ma'aunin yawan makamin, a kowace mililita. Likitar mata ta zauna da ita ta bi hanyoyin da aka sani ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ko allura ce. Ana yi wa mata marasa D allurar anti-D don kariya, kuma ragowarta kan bayyana a gwaji har tsawon watanni. Ba a taɓa yi mata ba. Na biyu, ciki ko ɓarin da ya gabata, har da wanda mace kan ɗauka jinkirin al'ada ne. Ta ce babu, kuma ranar aurenta ta zo bayan sakamakon da ke fayil. Na uku, ƙarin jini ko na ƙwayoyin daskarar da jini. Takardun aikin biyu sun nuna babu. Na huɗu, amfani da allura ɗaya da wani. Babu. Cikin da take ɗauke da shi ma ba zai zama sanadi ba, tunda makamin ya riga shi zuwa da fiye da shekara. Ɗakin gwaji ya kuma tabbatar cewa anti-D ne na gaske, ba wani makami mai kama da shi ba.

Sai likitar ta tambaye ta tabon da ke gwiwarta.

"Ƙari aka cire mini, Likita, aka cike wurin da ƙashi."

"Ƙashinki, ko na wani?"

"Sun ce daga banki aka kawo."

Aka rubuta wa bankin ƙashi da lambobin da ke manne a takardar aiki. Wannan shi ne amfanin ajiye lamba: kowane gutsure ana iya bin sa har zuwa wanda ya bayar. Amsa ta dawo. Kan ƙashi na farko daga mai rukunin B ne marar D. Na biyu daga mai rukunin O ne mai D.

A nan akwai abin lura. Da a ce wani ya tsaya a ranar aiki ya duba A da B kaɗai, kamar yadda mutane suka saba tunani, da na farkon zai ƙi, ya ce B bai dace da A ba, ya karɓi na biyun hannu bibbiyu tunda O yana shiga kowa. Alhali na farkon bai yi mata komai ba. Makamanta na yaƙar B sun tarar da matattun ɓurɓushi, aka share su, iyaka watakila ƙarfin makaman ya ɗan hau na wani lokaci. Na biyun, wanda ya dace a ido, shi ne ya kawo D. Har ma ana iya cewa dacewar ta taimaka wa matsalar. An daɗe da sanin cewa idan rukunin A da B na uwa da ɗa ya saɓa, makaman uwa kan halaka ƙwayoyin ɗan da suka tsallako kafin jikinta ya lura da D. Kafin zuwan allurar kariya, uwa marar D da ta haifi ɗa mai D tana da haɗarin kusan kashi 16 cikin 100 na ƙera anti-D idan rukuninsu ya dace, amma kusan kashi 2 kacal idan ya saɓa. Ƙwayoyin O ba su da A ko B da za su jawo wannan sharar gaggawa.

Abin da ya bambanta D

An gano tsarin Rh ne tsakanin 1939 da 1940, ta aikin Philip Levine da Rufus Stetson a kan wata mai jego, da na Landsteiner da Alexander Wiener. Tambarin D ya saɓa da A da B ta fuskoki uku da suka shafi wannan lamari.

Shi a jikin jajayen ƙwayoyin jini kaɗai yake zaune, ba ya cikin gangar ƙashi. Don haka anti-D ba shi da abin da zai kama a dashen, kuma wannan ne ya sa gwiwarta ba ta taɓa nuna alamar komai ba. Likitan ƙashi zai iya bin ta shekara goma da hoto bai ga matsala ba, domin matsalar ba a ƙashi take ba.

Sannan ba a haihuwar mutum da anti-D. Sai jiki ya haɗu da D tukuna ya koya. Amma yana saurin koya: bayan A da B babu tambarin jini da ya kai D tayar da garkuwa, kuma abin da bai kai mililita ɗaya na jajayen ƙwayoyi ba ya isa ga wasu mutane. Daskarewa tana fasa ƙwayoyin, gaskiya ne, sai dai fasawa ba shafewa ba ce. Fatar ƙwayar tana nan a gutsure, kuma a jikin fatar D yake. Yayin da jijiyoyin marar lafiya ke kutsawa cikin dashen, ƙwayoyin garkuwarta suna tsintar waɗannan gutsattsari a hankali, mako bayan mako. Idan jiki ya koya kuwa, ba ya mantuwa. Ko da makamin ya ragu har gwaji ya daina ganin sa, ƙwayoyin da ke tuna D suna nan, ranar da D ya sake shigowa za su tashi da ƙarfin da ya fi na farko.

Na uku shi ne girman makamin. Yawancin makaman yaƙar A da B nau'in IgM ne, manya, ba sa ratsa mabiyiya. Anti-D nau'in IgG ne, kuma mabiyiya da kanta take ɗaukar IgG ta miƙa wa ɗan tayi, domin ta haka uwa ke ba ɗanta kariya daga cututtuka. Idan ɗan mai D ne, makamin zai manne wa jajayen ƙwayoyinsa, saifarsa ta riƙa halaka su. Sakamakon shi ne ƙarancin jini a ciki, wanda idan ya tsananta zuciya kan gaza, jiki ya cika da ruwa. Bayan haihuwa kuma sai shawara mai tsanani, wadda kan iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Yawan marasa D ya bambanta a duniya: kusan kashi 15 cikin 100 a tsakanin Turawa, ƙasa da haka sosai a Afirka ta Yamma, ƙasa da kashi 1 a gabashin Asiya. Inda suka yi ƙaranci, matsalar ba ta ragu ga mai ita ba. Ƙaruwa ma take yi, domin kusan duk ƙashin da ke firiza na mai D ne, kuma jinin da za a ƙara mata yana wuyar samu.

Yadda cikin ya kasance

Tambayar farko da ta yi ita ce ko za a yi mata allurar da ake yi wa sauran mata. Amsar ita ce a'a. Allurar anti-D, wadda aka fara amfani da ita a 1968, tana hana jiki koyo ne, ba ta goge abin da ya riga ya koya.

An gwada mijinta, mai D ne. Uba mai D yana iya ɗaukar ƙwayar gadon D guda biyu, duk 'ya'yansa su zama masu D, ko guda ɗaya, kowane ciki ya zama rabi da rabi. A mako na 16 aka ɗebi jininta aka nemi ƙwayar gadon ɗan tayin da ke yawo a ciki, dabarar da ta samo asali daga binciken Dennis Lo na 1997. Ɗan mai D ne. A gefe guda, wannan gwaji yana buƙatar kulawa ga 'yan asalin Afirka, domin da yawa daga marasa D a cikinsu suna ɗauke da kwafin ƙwayar gadon da ba ya aiki, wanda zai iya ruɗa gwajin da ba a tsara shi da sanin haka ba.

Daga nan aka riƙa auna makamin kowane wata har mako na 28, sannan kowane mako biyu. A ƙa'idar da ake bi a Ingila, ƙasa da 4 a ma'aunin IU haɗari kaɗan ne, 4 zuwa 15 matsakaici, sama da 15 mai tsanani. Nata ya kai 6 a mako na 24, aka mai da ita sashen kula da 'yan tayi. A can ana auna gudun jini a wata jijiya ta ƙwaƙwalwar ɗan da na'urar Doppler. Jinin da ya tsinke yana gudu da sauri, kuma idan gudun ya haura ninki 1.5 na abin da aka saba gani a wannan mako, alama ce ta ƙarancin jini da ke buƙatar a ƙara wa ɗan jini tun yana ciki, aikin da William Liley ya fara a Niyu Zilan a 1963. Makaminta ya hau zuwa 13 a mako na 32, gudun jinin ya matso kusa da iyaka amma bai haura ba.

An tayar mata da naƙuda a mako na 37. Ta haifi mace. Gwajin Coombs a jinin cibiya ya nuna ƙwayoyin jaririyar lulluɓe da makamin uwa. Shawara ta bayyana tun kafin ta kwana ɗaya, aka sa ta ƙarƙashin hasken shuɗi na kwanaki, sinadarin bilirubin da ke jawo shawarar ya sauka ba tare da an kai ga musanya mata jini ba. A mako na huɗu jininta ya yi ƙasa, abin da ake sa rai tunda makamin uwa yakan daɗe a jikin jariri, aka ƙara mata jini marar D sau ɗaya. Daga nan ta miƙe.

Inda ya kamata a tare shi

Wurare uku ne. A ranar neman ƙashi, da takardar ta tambayi jinsi, shekaru da matsayin D na marar lafiya, da an aiko da ƙashin marar D. Wannan ita ce ƙa'idar da bankuna da yawa ke bi ga 'yan mata da matan da ke iya haihuwa, idan ƙashin daskararre ne da ba a wanke ba. A cikin sa'o'i 72 bayan aiki, da wani ya lura, da an yi mata allurar anti-D. Allura mai maikirogiram 300 tana rufe kimanin mililita 15 na jajayen ƙwayoyi, ko da yake a nan babu hanyar auna yawan jinin da ke cikin dashen, domin gwajin Kleihauer da ake yi bayan haihuwa ƙwayoyin ɗan tayi yake ƙirgawa a jinin uwa. Wuri na uku, wata na 18, ya makara ga rigakafi, amma da ta shiga aure da sanin halin da take ciki.

A ganina duk waɗannan gyara ne na biyu. Daidaita D yana toshe ƙofa ɗaya ce cikin da yawa. Jajayen ƙwayoyi suna ɗauke da wasu tambura, irin su c, E, Kell, Duffy da Kidd. Makamin yaƙar Kell da na c suna iya cutar da ɗan tayi ƙwarai, kuma babu allurar kariya a kansu. Babu bankin da zai iya daidaita duk waɗannan. Abin da zai iya shi ne ya fitar da ɓargon. Ana wanke ƙashi da ruwa mai ƙarfin feshi, a juya shi a na'ura, a jiƙa shi a sinadarai irin su ethanol, har ramukan su koma fari fat. Hasken gamma da ake haska ƙashi da shi, galibi a ma'aunin kilogire 25, yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya fitar da ɓargo, don haka ba ya maye gurbin wanki.

Akwai hujja mai nauyi daga wani fanni. A 1992 aka buga binciken wani mai bayarwa a Amurka da ya rasu a 1985 yana ɗauke da HIV da gwajin lokacin bai gano ba. Mutum huɗu da suka karɓi gaɓoɓinsa duk sun kamu, haka mutum uku da aka dasa wa daskararren ƙashinsa da ba a sarrafa ba. Waɗanda aka gwada cikin masu karɓar ƙashin da aka jiƙa a ethanol ba su kamu ba, haka ma wanda ya karɓi daskararren ƙashin da aka cire wa ɓargo. Ɓargon da ke ɗaukar cuta shi ne dai ke ɗaukar D, shi ne kuma ke ɗaukar mafi yawan HLA.

Masu son ƙashin da ba a taɓa ba suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Sarrafawa mai tsanani, musamman busarwa da haskawa da yawa, tana rage ƙarfin ƙashi, kuma likitocin da ke danna niƙaƙƙen ƙashi a gyaran gaɓar ƙugu sun saba da yadda ɗanyen ke kamawa a hannu. Ga tsoho ɗan shekara 75 da ake gyara wa ƙugu, anti-D ba zai dame shi ba sai ranar ƙarin jini, kuma ɗakin gwaji zai gano shi. Amma wanki kaɗai, ba tare da busarwa ba, ba ya raunana ƙashi yadda ake tsoro, kuma marar lafiyar da ke gabanmu ba tsoho ba ce.

Bayan wannan lamari bankin ya ƙara layi uku a takardar neman ƙashi, ya kuma daina sakin ƙashin da ba a wanke ba ga mace 'yar ƙasa da shekara 50 sai an ga sakamakon D ɗinta. Ɗakin gwaji ya ɗauki ƙa'idar kiran likita ta waya duk lokacin da sabon makami ya bayyana a jinin da a baya ba shi da shi. Ita kuma an ba ta kati mai ɗauke da rukuninta da sunan makamin, aka gwada mijin aka ga ƙwayar D ɗaya yake ɗauke da ita, wato kowane ciki na gaba rabi da rabi ne. An shaida mata cewa idan ɗan ya zo mai D, cutar takan fi tsanani a ciki na biyu, don haka za a fara gwajin ƙwayar gado da awon Doppler da wuri, a asibitin da ke iya ƙara wa ɗan tayi jini.